Resemble: me ya sa ba ta ɗaukar with, kuma daga ina ta fito?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske a kan kalmar resemble. A takardun ɗalibai ana yawan cin karo da jumloli uku: "He resembles his father", da "He resembles with his father", da kuma "He is resembling his father". Wace ce daidai? Dalilin nake so, ba hukunci kawai ba, don a iya yi wa yaro bayanin da zai zauna masa. In akwai wanda ya san asalin kalmar, shi ma ya taimaka.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ta farko ce daidai, sauran biyun kuma Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. Duba yadda muke faɗa: yana kama da mahaifinsa. Yaro ya ga "yana", sai ya kawo is da -ing, domin haka aka koya masa a "yana gudu" da "yana cin abinci". Ya ga "da", sai ya kawo with. Kuskure biyu ke nan daga jumla ɗaya, kuma duk biyun suna da hujja a kan yaron, shi ya sa jan biro kaɗai ba ya kawar da su.

Abin da za a nuna masa shi ne resemble aikatau ne so-karɓau. Yana tafiya kai tsaye zuwa ga karɓau, wato wanda aka yi kama da shi, babu wata ƙaramar kalma a tsakani. Ma'anarsa ba "kama" ba ce kawai, "kama da" ce gaba ɗaya. "Da" ɗin tana cikinsa tun asali. Wanda ya ƙara with, ko to, ko like, ya faɗi "da" sau biyu. Don haka: "She resembles her mother", "This leaf resembles a hand", "The two houses resemble each other".

Na ƙarshen nan ma akwai tarko a cikinsa. Da Hausa muna iya cewa "tagwayen suna kama sosai" mu yi shiru, magana ta cika. Da Turanci "The twins resemble" ba ta cika ba, mai sauraro yana jiran ya ji da wa. Dole a ƙara each other ko one another. In ba a son haka sai a sake hanya a ce "The twins look alike".

Ɗan Maraɗi: Malam ya yi daidai, amma a gefenmu na Nijar kuskuren wani ne daban. Ɗalibinmu ba with yake sawa ba, to yake sawa: "He resembles to his father". Dalili kuwa Faransanci ne, domin a can ana cewa "Il ressemble à son père", kuma wannan à ɗin wajibi ce, in ka cire ta ka yi kuskure. Ga kalmomin biyu kusan rubutu ɗaya, ressembler da resemble, sai ɗalibi ya ɗauka ƙa'idarsu ma ɗaya ce. Mai shirin jarabawar BEPC ko Bakaloriya sai a faɗa masa ƙarara: Faransanci na son à da s biyu, Turanci ba ya son komai kuma s ɗaya yake rubutawa.

Malama Mai Nahawu: Tunda ɗan'uwa daga Maraɗi ya taɓo Faransanci, bari in ɗauko asalin daga nan, domin kamannin nan ba dace ba ne. Turanci aro kalmar ya yi daga tsohon Faransanci, inda ake rubuta ta resembler. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni na tsawon ƙarnoni, dubban kalmomi suka kwararo cikin Turanci. Resemble ta bayyana a rubutun Turanci a ƙarni na 14.

In aka fasa ta, gida biyu ne. Akwai ɗafa-goshi re-, sai sembler, wadda ke nufin abu ya yi kamar wani abu. A nan re- ba ta nufin "sake" irin ta rewrite ko rebuild, ƙarfafa ma'ana kawai take yi. Ita kuma sembler daga Latin ta taho, daga simulare, wato kwaikwaya ko kamanta abu, wadda ita ma ta fito daga similis, mai kama. Wannan similis ɗin ce uwar similar, simile, simulate, assimilate da facsimile. Duk 'yan ɗaki ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne harafin b. Babu b a simulare, to daga ina ya shigo? Da Latin ke rikiɗewa zuwa Faransanci, wasalin tsakiya ya faɗi, m da l suka haɗu gab da gab. Furta m sannan l kai tsaye yana da nauyi a baki, kuma yayin da leɓɓa ke buɗewa daga m, sautin b yakan kuɓuto da kansa. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa rubuta shi. Irin wannan ne ya faru da humilis ya zama humble, tremulare ya zama trembler, wanda Turanci ya ara ya ce tremble. Da r ma haka: numerus ya ba da nombre, ya zama number, camera ya ba da chambre, ya zama chamber. Malamin da ya rubuta waɗannan biyar a allo tare, ɗalibansa ba za su ƙara mance b ɗin ba.

Mai Neman Sani: Allah ya ƙara basira, Malama. To tunda daga Faransanci ta zo, kuma a can tana da à, ta yaya Turanci ya yar da ita?

Malama Mai Nahawu: Bai yar da ita dare ɗaya ba. A tsohon Turanci an yi amfani da resemble tare da to ko unto, kuma har tana da wata ma'ana ta biyu, wato kamanta wani abu da wani, aikin da yanzu compare da liken ke yi. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai inda aka ce "whereunto shall I resemble it?", ma'ana da me zan kamanta shi. Wannan ma'anar ta mutu, ƙamus na zamani in ya kawo ta sai ya sa mata alamar tsohon yayi. Saboda haka in wani ya tono tsohon littafi ya nuna maka resemble da to, bai yi ƙarya ba, amma ba Turancin da ake rubuta jarabawa ko wasiƙar aiki da shi a yau ba ne.

Akwai kuma wani dalili na nan kusa da ke ruɗa mutane: sunan da aka ƙera daga aikatau ɗin, resemblance, shi yana ɗaukar to. Ana cewa "She bears a strong resemblance to her mother", ko "There is a resemblance between the two brothers". Ɗalibi ya ji to a nan, sai ya kwashe ta ya kai wa aikatau. Ƙa'idar a taƙaice: aikatau babu komai, suna kuma to ko between. A lura da aikatau ɗin da ke rakiyarsa, bear ne aka fi amfani da shi, sai have. Kuma -ance ake rubutawa a ƙarshe, ba -ence ba.

Ɗalibin Larabci: Allah ya gafarta malamai, ga wanda ya yi karatun zaure akwai gajeriyar hanya. A Larabci ashbaha da shaabaha suna cin karɓau kai tsaye ba tare da harafi ba. Yushbihu abaahu, yana kama da babansa, babu bi babu ma'a. Ginin resemble ke nan sak. Yaron da ya san fi'ili muta'addi, ka ce masa resemble muta'addi ne da kansa, ka gama bayani.

Ɗan Jarida: Ni ina da ja a kan batun -ing. An ce "is resembling" kuskure ne, amma a rahotanni kullum ana karanta irin su "Police found a powder resembling sugar" ko "symptoms resembling malaria". Ga -ing nan ƙiri-ƙiri a rubutun ƙwararru. Ko dai dokar ba ta da ƙarfi kamar yadda ake koyarwa?

Malamin Turanci: Ranka ya daɗe, jumlolinka daidai ne, amma ba abu ɗaya muke magana a kai ba. Duba da kyau, babu is ko are ko was a gaban resembling. Wannan ba lokaci mai ci ba ne (irin na "yana gudu"), ganga ce, wato sashen jumla mai nasa aikatau, aka taƙaita. Cikakkiyarta ita ce "a powder that resembles sugar", aka cire that aka mai da aikatau -ing. Ana yin haka da kowane aikatau, har da waɗanda ba sa shiga lokaci mai ci: ba a cewa "The box is containing books", amma ana cewa "a box containing books". Ba a cewa "It is belonging to me", amma ana cewa "a bag belonging to me". Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya mai da resembling zuwa that resembles ba tare da jumla ta lalace ba, to daidai ne.

Dalilin haramcin kuwa, resemble hali yake bayyanawa, ba aiki ba. Mai gudu yana iya tsayawa, mai cin abinci yana iya ƙoshi, amma mai kama da babansa ba wani abu yake aikatawa ba balle a ce yana tsakiyar yi. Rukuninsu ɗaya da know, own, belong, contain da consist.

Malama Mai Nahawu: A nan zan ɗan saɓa wa Malam. Cewa ba ya shiga lokaci mai ci sam, ya yi tsauri. Manyan littattafan nahawun Turanci sun yarda da shi a wuri guda: inda kamannin ke ƙaruwa sannu a hankali. "He is resembling his father more and more" jumla ce karɓaɓɓiya, domin yanzu ba hali tsayayye ake faɗa ba, sauyi ne da ke gudana, kamar mu ce kullum ƙara ɗauko mahaifinsa yake yi. Sharaɗin shi ne a sami kalmar da ke nuna ƙaruwa, irin su more and more ko increasingly. In an cire ta, jumlar ta koma kuskure.

Malamin Turanci: Hajiya, ban musa ba, gaskiya ce. Amma ba zan kai wa ɗan sakandare wannan ba. Da zarar ka ce masa akwai inda ya halatta, shi ke nan ya sami ƙofa, kowace jumla sai ya ce ai tasa ce ta halatta. A jarabawar WAEC ko NECO ko JAMB, in aka jera zaɓi akwai resembles da is resembling, resembles zai zaɓa. Kuma ko ma'anar ƙaruwar ake so, akwai hanya mai tsabta: "He is beginning to resemble his father" ko "He has come to resemble his father".

Malama Mai Nahawu: A aji na yarda da kai. Amma malamin da kansa ya kamata ya sani, don kada ya jan wa ɗalibi mai hazaƙa biro a kan jumlar da ya rubuta daidai. Wannan yana karya wa yaro gwiwa.

Akwai doka ta uku da ba a ambata ba, kuma ita babu togaciya a aikace: ba a juya resemble a sa karɓau a gaba. Yawancin aikatau so-karɓau suna juyuwa, "Musa kicked the ball" ta koma "The ball was kicked by Musa". Amma "His father is resembled by him" ba magana ba ce. Dalilin dai shi ne na ɗazu: babu abin da aka yi wa uban. Have ta mallaka, lack, suit da fit duk haka suke. Masu ba yara aikin juya jumla su guji sa resemble a ciki.

Ɗan Sabon Gari: Wani abin lura, Turancin buroka a nan ya fi na 'yan makaranta kusa da daidai. "E resemble im papa", babu with babu to. Abin da ya rage kawai shi ne s ɗin mutum na uku. Wanda ya tashi da buroka a bakinsa matsalarsa ita ce ya rubuta "He resemble his father". Shi s za a koya masa, resembles, ba wani abu ba.

Mai Neman Sani: To mene ne bambancinta da look like da take after? Ko duk ɗaya ne?

Malamin Turanci: Suna haɗuwa a wani wuri, suna rabuwa a wani. Look like ta hira ce, kuma ido ne ke hukunci a cikinta: fuska, tsayi, launi, siffa. Resemble ta fi nauyi, ta rubutu ce da rahoto da kimiyya, kuma ba ta tsaya ga ido ba. Ana iya cewa tsarin mulkin wata ƙasa resembles na wata, ko ɗanɗanon wani abu, ko halin mutum. In ana son a fayyace ta wane gefe kamannin yake, in ake sawa bayan karɓau: "She resembles her aunt in temperament", "The two languages resemble each other in structure". Ku lura in ɗin ba ta shiga tsakanin aikatau da karɓau ba, baya ta koma.

Sai dai look like tana yin abin da resemble ba ta iyawa: tana ɗaukar ganga sukutum ta ba da ma'anar "da alama". "It looks like it is going to rain", da alama za a yi ruwa. Ba za ka sa resemble a nan ba ko kusa. Resemble suna ne ke bin ta ko wakilin suna, shi ke nan.

Take after kuwa ta dangi ce zalla, kuma hanyarta ɗaya ce, daga ƙarami zuwa babba. Ita ce "ɗauko" tamu: ya ɗauko kakansa. Yaro ne ke take after uwa ko uba ko kaka ko kawu. Uba ba ya take after ɗansa, kuma baƙi biyu da suka yi kama ba a ce musu haka. Ta ƙunshi kama da hali duka.

Mai Nazarin Harshe: Batun hanya ɗaya ɗin nan har resemble ya taɓa, ko da yake ba doka ba ce, ɗabi'ar masu magana ce. A hankalce in Audu ya yi kama da Bala, Bala ma ya yi kama da Audu. Amma a baki ba haka ake yi ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Amos Tversky, ya nuna a wani nazari da ya wallafa a 1977 cewa mutane sukan sa abin da ya fi shahara ko ya fi asali a matsayin ma'auni, wato a ƙarshen jumla. Ana cewa ɗa ya yi kama da uba, hoto ya yi kama da mai shi, Koriya ta Arewa ta yi kama da Sin, ba a cika juyawa ba. Amfanin wannan ga mai rubutu: abin da mai karatu ya riga ya sani shi za ka sa bayan resembles, sabon abin kuma a gaba. In kana bayyana wa Bahaushe wata itaciyar waje, ka ce ta resembles tsamiya, kada ka ce tsamiya ta resembles ita.

Lauya: A fagen shari'a kalmar tana da nauyin kuɗi. Dokar alamar kasuwanci ta Najeriya ta 1965, wadda aka gina a kan ta Ingila ta 1938, ta hana yi wa alama rajista in ta zo ɗaya da wata, ko in ta "so nearly resembles" wata har ta iya yaudara ko ruɗa mai saye. Dokar kamfanoni ma tana da makamancin wannan lafazi a kan sunaye, shi ya sa hukumar rajistar kamfanoni kan ƙi sunan da ya yi kusa da na wani. Ku lura doka ta raba identical da resembles. Na farko abu ɗaya ne, na biyu kama ce kawai, kuma kama da wane ba wane ba ce. Mai fassara takardar kotu ya kiyaye, kada ya mai da resembles "iri ɗaya ne". Haka in shaida ya ce "The man resembled the accused", bai ce shi ne ba, kuma lauya mai kare wanda ake tuhuma a nan zai kafa ƙafa.

Rubutun nan da ake sawa a finafinai ma, cewa duk wata resemblance da wani mutum rayayye ko matacce dace ne kawai, galibi ana danganta shi da ƙarar da Gimbiya Irina Yusupova ta Rasha ta kai kamfanin finafinai na MGM a Landan, inda a 1934 aka yanke a biya ta fam 25,000 saboda ɓata suna.

Ɗan Jarida: Wannan ya kawo mu kan kalmomin da ke auna yawan kamannin, don a nan rahoto ke lalacewa. Very ba ta zama a gaban aikatau, saboda haka "He very resembles him" kuskure ne. Kama mai ƙarfi: closely, strongly. Kama sama-sama: vaguely, faintly, slightly. Kama ta waje kawai alhali ciki daban: superficially. Remotely kuma da korewa take tafiya, "nothing remotely resembling an apology", wato babu ko ƙanshin neman afuwa. Matsayinsu kafin aikatau ne, "closely resembles", ko can bayan karɓau, amma ba tsakanin aikatau da karɓau ba. In kama ta kai a ce kamar an tsaga kara, Turawa sukan bar resemble su ce "He is the spitting image of his father", amma wannan ta hira ce.

Ɗan Maraɗi: A taɓa furuci kafin a watse, don mu masu Faransanci nan ma muna zamewa. Da Faransanci s ake ji, da Turanci z. Gaɓa uku ce, ƙarfin murya a ta tsakiya: ri-ZEM-bul. Wasalin ƙarshe gajere ne ƙwarai, kusan ba a jinsa. Amma assemble da s ake furta ta.

Malamin Turanci: Haka ne, kuma furucin ne ke raba ta da reassemble, wadda gaɓa huɗu ce, ri-a-SEM-bul, ma'anarta sake harhaɗa abin da aka kwance, kamar inji. A nan re- ɗin "sake" take nufi da gaske. Makaniki reassemble yake yi, ɗa kuma resemble. Sai dissemble, ɓoye abin da ke zuci, da disassemble, kwance abu gunduwa-gunduwa. Ga mai shirin gwajin furuci na WAEC, ya haɗa resemble da resist, result, resent da reserve a rukuni ɗaya, duk s ɗinsu z ce.

Mai Neman Sani: Na gode ƙwarai, malamai. Saura ɗaya: "He resembles Musa more than me", ko "more than I"?

Malama Mai Nahawu: Ya danganta da abin da kake nufi, kuma jumlar da me tana iya ɗaukar ma'ana biyu a hira. In nufinka ya fi kama da Musa fiye da yadda yake kama da ni, rubuta "He resembles Musa more than he resembles me". In nufinka ya fi ni kama da Musa, rubuta "He resembles Musa more than I do". Cika gangar ta biyu shi ne magani. Bayan resemble kai tsaye kuwa kullum me, him, her, us, them ake sawa. A tambaya, "Who does he resemble?" ta wadatar a magana, "Whom does he resemble?" kuma ta rubutun hukuma ce, kuma a duka biyun s ɗin ta koma kan does, ba a sake maimaita ta a resemble.